Giyar Baba a Falon Umma

Mahaifinmu direba ne tun kafin a haife ni. A unguwarmu ba mai kiransa da sunansa, A-Hankali kowa ke ce masa, don ƙwai yake ɗaukowa daga gonar kaji yana rarraba wa masu shaguna, kuma in ya yi lodi mai keke ma wuce shi yake yi. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. In an tsokane shi sai ya ce a tambayi masu shago ko sun taɓa samun fasasshen ƙwai a kayansa.

Da can tirela yake ja, ya yi makonni ba mu gan shi ba. Wata rana ana sauke bututun ƙarfe daga motarsa, igiya ta tsinke, ɗaya ya gangaro ya danne masa ƙafar hagu. Likitoci sun ceci ƙafar, amma gwiwar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa, balle ta taka kuloci. Ina 'yar makaranta a lokacin, amma ban manta shekarun da suka biyo baya ba. Ya koma zama a ƙofar gida yana gyaran fanka da keken ɗinki. Hannunsa na da kyau, aiki bai yanke masa ba, sai dai magana ta ƙaurace masa. Sai a wuni bai ce uffan ba. In babbar mota ta wuce a titi ya kan dakata da aiki ya kasa kunne, ya ce, "Ya makara wajen sauya giya," ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kwance fankarsa.

Wani tsohon abokin aikinsa ne ya kawo masa labarin wata a-kori-kura mai giya otomatik, wadda ke sauya giya da kanta, ba ta da kuloci sam. Ta daɗe a ajiye ba mai so, don kanikawa ba sa son irinta. Aka haɗa ƙarfi a gida aka saye ta. Ranar da Baba ya shigo da ita lungunmu, ƙafar hagu a miƙe gefe guda, ta dama na aiki, na ji dariyarsa tun daga bakin titi. Daga nan ya samu aikin ƙwai, magana kuma ta dawo masa har Umma ta fara cewa ya cika ta da surutu.

Shekaru suka yi ta tafiya haka. Na girma, na zama tela, ina ɗinki a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Yayana ya yi aure, ya koma wata unguwa kusa da gidan burodin da yake aiki. Motar ta tsufa tare da Baba.

Wata safiya yana hawan tudun da ke bayan kasuwa da cikakken lodi, sai injin ya yi ta kuka, motar kuwa ta ƙi gaba. Ya ƙara totur, ta fara ja da baya. Da ƙyar ya danne birki, mutane suka taru suka saka duwatsu a bayan tayoyi. Da igiya aka jawo ta gida, tana warin ƙuna.

Bakaniken da ke duba masa ita, wanda kowa ke kira Baƙin Mai, ya zo da yamma. Ya zaro sandar auna man giya, ya shafa a yatsa, ya sansana. Man da ya kamata ya zama ja ya koma baƙi ƙirin.

"Baba, giyar ta ƙone," in ji shi. "Gaskiya ni ban taɓa buɗe irinta ba, kuma ban san wanda ke buɗewa ba. In ta mutu jefarwa ake yi a sa wata. Zan nemo maka, amma samfurin nan ya daɗe da ɓacewa a kasuwa."

"In ba a samu ba fa?"

"Sai a mayar da ita mai kuloci. Wannan kam aikina ne, ba zai ɗauke ni lokaci ba."

Baba ya dubi ƙafarsa. Baƙin Mai ma ya dube ta, ya kau da kai yana goge yatsa da tsumma.

An nemi giyar ko'ina ba a samu ba. Mai gonar kajin, wata dattijuwa mai kirki, ta ce za ta samu wanda zai riƙe masa aikin na ɗan lokaci, amma ya sani kaji ba sa daina ƙwai don motar wani ta lalace. Yaya ya zo gida da tasa shawarar, ya zauna a ƙasa gaban Baba ya faɗe ta cikin ladabi.

"Baba, a mayar da ita mai kuloci, mu samo direba mai amana. Kai ka zauna ka huta, a riƙa kawo maka abin da aka samu."

"Na zauna a baya," in ji Baba. "Na san zama."

"To ya za a yi?"

"Buɗe giyar zan yi."

"Baba, ba fanka ba ce."

"Mutum ne ya haɗa ta."

Yaya ya juya ya dubi Umma yana neman ta sa baki. Umma ta ci gaba da ninke wanki kamar ba ta ji ba. Ya tashi ya tafi ransa a ɓace.

Baba ya karɓi wayata, ya sa na nemo masa hotunan bidiyo na masu kwance irin giyar. Da wani yare suke magana wanda ba mai jinsa a cikinmu. Ya ce ba bakinsu yake so ba, hannunsu yake kallo. Ya yi kwanaki yana maimaita su, yana tsayarwa, yana dawo da su baya, har batir ya ƙare a sake caji.

Sauke giyar shi ne farkon tashin hankalinmu. Baƙin Mai ya ara mana jak da sifanoni, ya taya mu ɗaga motar a kan kututtura a tsakar gida, ya ce a jira shi ya dawo daga wani aiki kafin a sauke. Baba bai jira ba. Ya shimfiɗa kwali, ya zauna, ya kwanta rigingine, ya riƙa jan jikinsa da hannuwa yana shiga ƙarƙashin motar, ƙafar da ta sandare tana biye da shi kamar ba tasa ba. Ni ya ba riƙon jak ɗin. An ɗora katako a kansa don ya tallafi giyar, an kuma tura tsohuwar taya a gefe.

Ya kwance notunan ɗaya bayan ɗaya yana miƙo mini. Da ya cire na ƙarshe, giyar ta ƙi rabuwa da injin. Ya girgiza ta, shiru. Ya sa sukundireba ya banƙara.

"Sassauta kaɗan, Auta."

Na sassauta. Sai kawai ta zame gaba ɗaya, ta karkace daga kan katakon. Na ji ƙarar ƙarfe, na ga baƙin mai yana malalowa ta ƙarƙashin motar. Ƙafafun Baba kawai nake gani, kuma ba sa motsi.

"Baba?"

Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa, a natse. "Kar ki taɓa jak ɗin. Ko kaɗan. Kira Ummanki, ku ɗauko bututun nan da ke bayan randa."

Na leƙa. Gefen giyar ɗaya ya sauka a kan tsohuwar tayar, ɗayan ya danne masa hannun dama, saura kaɗan ya kai ƙirjinsa. Fuskarsa duk mai. Ban san yadda na isa kicin ba. Umma ta fito hannunta da kumfa, ta durƙusa ta duba. Muka cusa bututun ƙarƙashin giyar, muka sa bulo ya zama matokari, muka danna mu biyu da duk nauyinmu. Bututun yana lanƙwasa, bulon yana ƙara kamar zai fashe. Giyar ta ɗaga kamar faɗin yatsa.

"Ku riƙe haka," in ji Baba.

Na ji yana jan hannun a hankali, yana numfashi ta haƙora. Umma ta dube ni ta ce, "Kar ki saki," kamar tana ce mini in miƙo gishiri. Da ya ce mu sauke, muka sauke, na zauna a cikin man ban ma lura ba.

Fata ta saɓule daga gwiwar hannunsa zuwa wuyan hannu, amma ƙashi bai karye ba. Umma ta wanke ciwon ta ɗaure. Sai da ta gama ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba.

Labari ya kai wa Yaya. Ya zo da garin fulawa a rigarsa, bai ko zauna ba. Karon farko ke nan da na ji ya ɗaga wa Baba murya. Ya ce in Baba ba ya tausayin kansa, ya tausaya wa mata biyun da ya sa ɗaga ƙarfe. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "In ka gama, kama mini can gefen mu shigar da ita ciki." Yaya ya juya ya fita. Baƙin Mai da wani maƙwabci ne suka ɗauki giyar.

Falo aka kai ta. Baba ya ce ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga cikin giyar nan aikin banza aka yi, tsakar gida kuwa iska ba ta barin komai. Umma ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ana naɗe mata kafet, ana matsar da kujeru, ana ɗora ƙaton ƙarfe mai ɗigar mai a kan teburinta.

"Malam," ta ce, "duk ƙuruciyarka ba ka taɓa kawo mini giya gida ba, sai yanzu da furfura, kuma har tsakiyar falo."

Baba ya yi dariya har ya riƙe hannunsa mai ciwo. Maganar ta fita unguwa. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai ya tambaye ni ko Baba ya farfaɗo daga giyar tasa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya kafa dokoki: ba kunna fanka, ba buɗe taga, ba shara, ba shiga da takalmi. Zafi ne a lokacin, falon ya zama kamar tanda. Ya shimfiɗa tsofaffin zannuwan gado, ya jera kiret-kiret na ƙwai waɗanda ba kowa a ciki, duk abin da ya cire sai ya sa shi a gurbinsa bi da bi. Kafin ya taɓa komai sai na ɗauki hoto. Na ajiye ɗinkina, masu kaya suna ta zarya ina ba su haƙuri.

Ban taɓa tsammanin ƙarfe ɗaya zai ɗauki kaya masu yawa haka a cikinsa ba. Ganga a cikin ganga, zobe a kan zobe, haƙora a cikin haƙora. Da ya kai ga faya-fayan da ke kama juna su ja motar, ya ɗaga ɗaya ya nuna mana. Ya ƙone baƙi, yana marmashewa a hannu kamar ƙanzo. Robobin da ke tare mai duk sun bushe sun tsattsage. Baƙin Mai ya ɗauki samfuri ya tafi nemo sababbi wurin wani ɗan kasuwa mai oda daga nesa. Baba ya wanke sauran da kananzir, ya busar, ya lulluɓe.

Akwai wani sashe da Baƙin Mai ya ce ana kiransa ƙwaƙwalwar giya. Faranti ne mai kauri, hawa biyu, cikinsa duk ƙananan hanyoyi a murɗe kamar gidan tururuwa, ta nan mai ke bi yana sauya giya. A cikin hanyoyin akwai 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe, ba su kai ƙwayar wake ba, kowanne da raminsa. Baba ya san da su, ya gan su a bidiyo. Amma ranar da ya buɗe, hannunsa mai ciwo ya gaza, farantin ya kife kafin in ɗauki hoto. Muka ji suna tsalle a kan siminti, kowanne ya kama gabansa.

Ba wanda ya motsa.

"Kar kowa ya ɗaga ƙafa," in ji Baba.

Na durƙusa daga inda nake na fara lalube. Muka tsinci wasu a ƙarƙashin tebur, ɗaya a cikin takalmin Baba da ke bakin ƙofa. Baba ya sa na fasa tsohuwar rediyo na ciro maganaɗisun lasifikarta, na riƙa jan shi a ƙasa lungu-lungu, ya kamo wani a bayan kujera tare da allurai biyu da na daɗe da ɓatarwa. Amma matsalar ba tsintar su ba ce. Ramukan da ke cikin farantin sun fi ƙwallayen yawa, kuma na bidiyon ba iri ɗaya ba ne da namu sak. Ba mu san wanne ke zama ina ba, ba mu ma san ko mun tsince su duka ba.

Baba ya wuni a gaban farantin, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana sa ƙwallo a rami yana cirewa. Abincinsa ya huce a gefe. Can da la'asar Umma ta shigo ɗaukar kwano, ta tsaya a kansa. Ta ɗauki siririn farantin da ke shiga tsakanin hawa biyun, ta kai shi jikin labule inda haske ke ratsowa, ta karkata shi.

"Malam, wannan tabon fa? Wasu ramukan bakinsu na sheƙi, wasu ba sa yi."

Ya karɓa, ya ƙanƙance ido, bai gani ba. Ni na gani. Duk inda ƙwallo ya shekara yana bugu ya bar ɗan zobe mai ƙyalli. Na riƙa nunawa da bakin allura, Baba na ajiye ƙwallo a ramin da ke daidai da shi. Da muka kai zobe na ƙarshe, ƙwallo ɗaya ne ya rage a kiret ɗin. Baba ya jingina da kujera ya rufe ido. Umma ta ɗauki kwanonta ta ce za ta ɗumama.

Kayan gyara suka yi jinkiri. Mai gonar kaji ta kira sau biyu tana tambaya, a karo na biyu muryarta ta sauya. Da kayan suka iso, Baba ya jiƙa sababbin faya-fayan a jan mai, ya fara haɗawa daga hoton ƙarshe zuwa na farko. Wani zoben sai ya sa shi ya cire ya fi a ƙirga kafin ya gamsu. Wata roba ta tsage wajen sakawa, Allah ya sa akwai ta biyu a kwalin. A ƙarshe kiret-kiret ɗin suka koma fayau, ba abin da ya yi saura.

Ranar mayar da giyar jikin mota Baƙin Mai ya zo da safe, ya taimaka aka ɗora ta a jak, wannan karon an ɗaure ta da igiya. Sai aka kira shi, motar wani ta mutu a hanya, ya ce yanzu zai dawo. Baba na ƙarƙashin motar lokacin da wayarsa ta yi ƙara. Na kara masa a kunne. Mai gonar ce. Ta ce wanda ke riƙe da aikin yana so a tabbatar masa ko ya nemi wani wuri, ita kuma ba za ta iya ci gaba da ja masa rai ba.

"Gobe za ki gan ni," in ji Baba.

Giyar ta shiga, amma ta ƙi haɗuwa da injin. Saura rata kamar kaurin yatsa. A tsakaninsu akwai wani ƙarfe mai kama da ƙatuwar kabewa, konbata ake ce masa, shi ke karɓar ƙarfin injin ya miƙa wa giya. Baba ya tura, ya girgiza, ratar na nan.

"Baba, mu jira Baƙin Mai," na ce.

"Noti zai jawo ta. Miƙo sifana."

Ya ɗaura notunan, ya riƙa matse su kaɗan-kaɗan, ratar na rufewa. Sai na ji wata 'yar ƙara daga ciki, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Hannun Baba ya tsaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya ci gaba da matsewa.

Aka sauke motar, aka zuba mai, ya hau ya tayar da injin. Ya taka birki ya sa ribas. Ba abin da ya faru. Ya sa giyar gaba, ya ba ta wuta. Injin ya yi ta kuka, motar ko gezau. Ya kashe. Baƙin Mai ya shigo daidai lokacin, ya zaro sandar mai ya duba, ya ce man ba ya zagayawa.

"Na fasa famfon da ke tura man," in ji Baba, idonsa a kan sitiyari. "Konbatan bai zauna ba na matse. Na ji lokacin da ya fashe."

Ya sauko, ya shiga ɗakinsa. Washegari mai gonar ta kira, bai ɗauka ba. Ni na ɗauka na faɗa mata gaskiya. Kwanakin da suka biyo baya ya riƙa fitowa ya zauna a ƙofar gida, ba ya kallon motar, in an gaishe shi ya ɗaga hannu kawai. Na san wannan shirun. Na girma a cikinsa.

Na tafi gidan burodi wurin Yaya. Na same shi yana fitar da tire daga tanda, ya ja ni gefe inda zafi bai kai ba. Na faɗa masa komai.

"Ke ƙarama ce wancan lokacin, Auta," ya ce. "Ni na kwana da shi a asibiti. Ni na riƙe ƙafar ana wanke ta. Duk lokacin da aka ce mini yana ƙarƙashin motar nan sai in tuna asibitin nan."

"To ai sake shiga zai yi, Yaya. Ko ya sake shiga, ko ya koma yadda yake da. Zaɓi ɗaya."

Ya koma bakin tandarsa. Amma ranar hutunsa sai ga shi da tsohuwar riga da wando, Baƙin Mai na biye da shi riƙe da famfon giya a cikin buhu. Wurin masu sayar da tarkacen mota suka tono shi, daga wata giya da ta fashe ta baya amma gabanta lafiya lau. Yaya ya durƙusa ya gaida Baba a ƙofar gida.

"Baba, mun samo famfo. Ni zan shiga ƙarƙashi. Kai ka faɗa mini abin da zan yi."

"Ba ka san kan noti ba."

"Shi ya sa za ka faɗa mini."

Baba ya dubi buhun, ya dubi Yaya. Na ɗauka zai ƙi. Ya miƙa hannu a ba shi famfon, ya jujjuya shi, ya sa yatsa ya murza haƙoran ciki. Sannan ya ce in kawo masa 'yar kujera in ajiye kusa da tayar gaba.

Daga kan kujerar ya yi aikin. "Na hagunka. A'a, na sama da shi. Da sifana mai zobe, kar ka cinye masa kai." Yaya ya ƙuje yatsu, mai ya zubo masa a ido, bai yi ƙorafi ba. Sau ɗaya Baba ya yunƙura zai sauka kan kwalin, Umma ta ɗora hannu a kafaɗarsa, ya koma ya zauna. Aka sake kai giyar falo, aka sauya famfon. Baƙin Mai ya ce ko da bai san cikinta ba, wannan wurin kam ya sani: konbata sai an riƙa juya shi ana turawa har ya faɗa ciki, ya sake faɗawa, har hannu ya kasa shiga bayansa. Baba ya juya da kansa. Ya faɗa. Ya ci gaba da juyawa, gumi na zuba. Can ya sake faɗawa da wata 'yar ƙara mai taushi.

Wannan karon da Yaya ya tura giyar, ta manne da injin ba rata, tun kafin a sa noti ko ɗaya.

Aka zuba mai. Baba ya hau, ya gyara zaman ƙafarsa, ya tayar. Ya bar injin ya ɗumama fiye da yadda ya kamata, na gane tsoro yake ji. Ya taka birki ya ja sandar zuwa ribas. Shiru. Na ƙirga numfashina, Umma ta juya baya. Sai motar ta yi ɗan zillo, bayanta ya duƙa kaɗan. Ya sassauta birki, ta silala baya har sai da Yaya ya buga mata hannu don kar ta taɓa bango.

Baba bai yi murmushi ba. Ya ce tsakar gida ba gwaji ba ce, a loda mata bulo. Muka loda. Na zauna a gaba, Yaya ya hau baya rungume da kututture don saka wa taya in ta ja baya. Muka fita lungu, muka hau titi. Ta sauya giya ta farko lafiya, ta biyu da ɗan dukan da ya sa kaina ya taɓa kujera. Baba ya karkata kai yana saurare.

A gindin tudun kasuwa ya rage gudu, ya bar wata bas ta yi nisa, sannan ya taka totur. Muka fara hawa. A tsakiyar tudun motar ta yi nauyi, kukan injin ya ƙaru, na ga Yaya ta madubi ya miƙe tsaye da kututturen. Na riƙe ƙofa. Sai giyar ta sauko da kanta, motar ta cije, ta ci gaba da hawa a natse har muka kai sama. Baba ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya ce in sayo masa ruwa, ya shanye, ya leƙa ta taga ya ce wa Yaya ya ajiye itacen nan ya dawo gaba, akwai wuri.

Aikin gonar bai dawo masa duka ba. Mai gonar ta riga ta ba wancan mutumin manyan shaguna, ta ce ba za ta karɓe ba, Baba ma ya ce bai kamata ta karɓe ba. Ƙananan shagunan cikin lunguna aka bar masa, ya karɓa. Dukan nan na giya ta biyu bai taɓa barin motar ba, musamman da safe kafin ta ɗumama, har ya koyi ɗaga ƙafa daga totur daidai lokacin don kayansa. Ya ƙara shekaru yana jan ta, sai da idonsa ya raunana ya ajiye tuƙi da kansa.

Ba a daɗe da gyaran ba wani mutum ya zo ƙofar gidanmu da ƙaramar mota a ɗaure da igiya. Ya ce an faɗa masa a nan ne ake buɗe giya otomatik. Baba ya zagaya motar da sandarsa, ya sansana man, ya faɗa masa abin da yake zaton ya ƙone. Mutumin ya ce to yaushe za a fara.

"Ni ba bakanike ba ne," in ji Baba. "Waccan tawa ce, shi ya sa."

Mutumin ya yi ta roƙo, Baba ya ba shi haƙuri, ya taya shi juya motar a lungun, ya dawo ciki ya ce a zubo masa abinci.